Farar Hoda Da Hasken Rana: Yadda Ake Rusa Rini A Cikin Gurɓataccen Ruwa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofin Ƙofar Mata a birnin Kano ya ga wani abin mamaki, ko da bai lura ba. Marini zai tsoma farin ƙyalle a cikin marina, ya jujjuya shi, ya tsamo. A daidai lokacin da ƙyallen ya fito ba shuɗi ba ne, tsanwa-tsanwa ne mai ratsin rawaya. Sai ya sha iska na ɗan lokaci, sa'an nan ya rikiɗa ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin za mu komo kansa a gaba.

Darasinmu na wannan fitowa ba a kan yadda ake sa wa tufa launi yake ba. A kan kishiyar haka yake, wato yadda za a raba ruwa da rinin da ya gurɓata shi ta amfani da abu biyu: hasken rana, da wata farar hoda da masana ilmin sinadarai ke kira titaniyam dayoksaid, suna kuma rubuta ta TiO₂ a taƙaice.

Daga Baba Zuwa Galura

Shekaru aru-aru da ganyen baba da toka ake rini a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar rinannun tufafin birnin suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Shekara biyar bayan haka, a 1856, wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Landan mai suna William Perkin yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai aikin ya ɓaci, ya bar masa wani baƙin abu a gindin kwalba. Da ya narkar da shi a sifirit sai ya ga launin shunayya mai kyau. Wannan shi ne mafarin sana'ar rinin masana'anta, wanda mu muke kira galura. Zuwa 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta ba tare da ganyen baba ba, kuma a yau kusan duk tufar da ke jikinmu da irin wannan rini aka rina ta.

To, ina matsalar take? Ba duk rinin da aka zuba ne ke kama tufa ba. Ana ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana bin ruwan wanki ya fita, a wasu ire-iren rinin ma abin da ke fita ya fi haka nesa. Kuma rini abu ne mai ƙarfin nuna kansa: miligiram 1 kacal a cikin lita 1 ya isa ido ya ga ruwa ya sauya. Idan irin wannan ruwa ya shiga rafi sai ya tare wa tsirran cikin ruwa haske, su kasa samar da iskar oksijin, kifi ya rasa abin shaƙa. Bayan haka, fiye da rabin rinin da ake amfani da shi a duniya daga dangin da ake kira azo yake, wasu daga cikinsu kuma idan suka tsinke sukan saki sinadarai masu jawo ciwon daji, kamar benzidin. Saboda haka ne Jamus ta hana amfani da irin waɗannan a tufafi a 1994, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2002. Mu ma abin ya shafe mu, domin ruwan da ke fitowa daga unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai yana ƙarewa ne a kogin Challawa da rafin Jakara, inda manoman lambu ke ban ruwa.

Abin lura a nan shi ne, ingancin rini shi ne illarsa. Mai sayen shadda ba ya son wadda za ta koɗe a rana, ko ta zuba a wanki. Don haka masu haɗa rini da gangan suke gina shi yadda rana da sabulu da gumi da ƙwayoyin bakteriya ba za su iya da shi ba. Idan ya shiga ruwa, wannan taurin kan yana nan tare da shi. Ana iya zuba alam ya dunƙule rinin ya kwanta a ƙasa, ana kuma iya tace ruwan da gawayi na musamman ya tsotse shi. Duka biyun suna aiki, amma ba su kashe rinin ba, matsuguni suka sauya masa. An tashi daga gurɓataccen ruwa an koma gurɓataccen laka, sai kuma a nemi inda za a zubar.

Mece Ce Titaniyam Dayoksaid?

Titaniyam ƙarfe ne. Wani limamin coci a yankin Cornwall na Ingila, William Gregor, shi ya fara gano shi a cikin baƙin yashi a 1791, Bajamushe Martin Klaproth kuma ya raɗa masa suna a 1795. Ana samunsa a cikin ma'adinai biyu, ilmenait da rutil. Saliyo tana cikin ƙasashen da suka fi arzikin rutil, a nan gida kuma akwai ilmenait a cikin yashin da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos. Idan ƙwayar zarra ɗaya ta titaniyam ta haɗu da biyu na oksijin sai a sami TiO₂, farar hoda fat wadda ba ta narkewa a ruwa. Ɗalibi ya sha haɗuwa da ita bai sani ba: ita ce farin da ke cikin farin fenti, da takarda, da man goge haƙori da yawa.

Masu fenti ne suka fara ganin halinta, kuma ba su ji daɗinsa ba. Sun lura bangon da aka shafa wa fenti mai wannan hoda, idan ya daɗe a rana, sai ya riƙa fitar da gari kamar alli idan an shafa hannu. Dalili kuwa hodar tana cinye man da ya riƙe fentin. A 1938 wasu masana biyu a Landan, Goodeve da Kitchener, suka nuna cewa hodar tana koɗar da rini idan haske ya sauka a kanta. Amma duniya ba ta farga sosai ba sai a 1972, lokacin da Akira Fujishima da malaminsa Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka buga sakamakon bincikensu a mujallar Nature, inda suka nuna cewa TiO₂ da haske suna iya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin. Masana suka ce, abin da zai iya tsinka ruwa ai zai iya tsinka guba. A 1977 Frank da Bard a Jami'ar Texas ta Amurka suka yi amfani da hodar suka rusa gubar sayanaid a cikin ruwa. Abin da ya zame wa mai fenti aibu, ga shi ya zama magani.

Yadda Aikin Yake Gudana

Da farko sai mu fahimci kalmar katalis. Katalis shi ne sinadarin da ke hanzarta wani sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Misalinsa dutsen niƙa ne: hatsi ya zama gari, dutse yana nan yana jiran wani hatsin. TiO₂ katalis ce, sai dai ba ta motsawa sai haske ya taɓa ta. A cikin duhu farar ƙasa ce kawai.

Mai karatu ya ɗauki ƙwayar hodar tamkar gidan bene mai hawa biyu wanda ba shi da matakala. Ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki na ragi, duk suna zaune a hawan ƙasa, sun cika shi maƙil, ba mai iya motsi. Hawan sama kuwa fayau yake. Tsakanin hawa biyun akwai tazara, kuma ilektiron ba ya iya tsayawa a tsakiya: ko dai ya sami ƙarfin da zai yi tsalle ɗaya ya kai sama, ko ya zauna inda yake. Abubuwa masu irin wannan gini su ake kira semikondakta. A nau'in TiO₂ da ake kira anates, girman tazarar ilektiron-bolt 3.2 ne, a nau'in rutil kuma 3.0.

Daga ina ƙarfin tsallen zai fito? Daga haske. Haske yana zuwa ne a ƙunshi-ƙunshi da ake kira foton, kuma kamar yadda rediyo ke da gajeren zango da matsakaicin zango, haka haske yake da tsawon zango iri-iri. Ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon ƙarfin foton. Akwai lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane ɗalibin aji shida ya riƙe: a raba 1240 da girman tazara, abin da ya fito shi ne zango mafi tsawo da zai iya yin aikin. Idan muka raba 1240 da 3.2 za mu sami kimanin nanomita 387. Idon ɗan Adam yana ganin haske ne daga wajen 400 zuwa 700. Ke nan hasken da ke tayar da anates ba ma ganinsa, shi ne wanda ake kira ultrabayolet. Wannan ne ma ya sa hodar take fara, domin ba ta shan komai daga hasken da ido ke gani, mayar da shi take yi gaba ɗaya.

Idan foton mai isasshen ƙarfi ya bugi hodar, ilektiron ɗaya zai haye sama, ya bar gurbi a ƙasa. Wannan gurbi ba banza ba ne, yana aiki tamkar caji na ƙari, yana neman ilektiron ido rufe daga duk abin da ya kusanto. Idan ya iso fatar ƙwayar ya tarar da ruwa, sai ya fizge masa ilektiron. Shi kuwa wanda ya haye sama, iskar oksijin da ta narke a ruwan ce ke karɓarsa. Ga yadda ake rubuta matakan, inda e⁻ ke nufin ilektiron, h⁺ kuma gurbi:

TiO₂ + haske → e⁻ + h⁺

h⁺ + H₂O → •OH + H⁺

e⁻ + O₂ → O₂•⁻

Wannan •OH da ya fito a layi na biyu shi ne sarkin yaƙin. Sunansa radikal na haidiroksil, ɗigon da ke gefensa kuma yana nuna yana da ilektiron guda marar abokin zama, don haka ba ya samun natsuwa sai ya ƙwato wani. Ƙarfin ƙwacensa ya kai bolt 2.8, alhali na kulorin da ake zubawa a ruwan famfo 1.36 ne. Ba ya zaɓe. Yana afka wa molekul na rini ya gutsure shi, wani ya zo ya ƙara gutsura, har zoben kabon su buɗe, dogayen sarƙoƙi su zama gajeru. In an bar aikin ya kai ƙarshe, kabon zai fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, haidirojin ya zama ruwa, salfa ta zama salfet, naitirojin ya zama amoniyam da naitiret. Wannan shi ne bambancinsa da alam da gawayi: rinin ba ƙaura ya yi ba, rushewa ya yi.

Sai dai akwai ɓarna mai yawa a hanya. Mafi yawan ilektiron da suka haye sama sukan faɗo su koma gurbinsu cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba, ƙarfin ya tashi a zafi. Shi ya sa oksijin ke da muhimmanci, don ita ce ke kama ilektiron kafin ya koma, kuma shi ya sa ake motsa ruwan ko a hura masa iska. Shi ya sa kuma ake son hoda mai laushin gaske, tun da duk aikin a fatar ƙwaya ake yinsa. Hodar da masu bincike suka fi amfani da ita, mai suna P25, gaurayen anates ce da ɗan rutil, ƙwayarta kimanin nanomita 21. Giram 1 nata in da za a shimfiɗa fatar ƙwayoyinsa zai rufe murabba'in mita 50, wato kusan daɓen ɗakin aji guda.

Ɓacewar Launi Ba Ita Ce Tsarkin Ruwa Ba

A nan ne ɗalibai, har ma da wasu masu bincike, suke yin tuntuɓe. An zuba hoda a shuɗin ruwa, an ajiye a rana, bayan awa ɗaya ruwa ya yi fari, sai a yi shelar an ci nasara. A ganina wannan gaggawa ce, kuma ita ce babban abin da nake so malamai su cusa wa ɗalibansu tsoronta.

Launin rini ba daga dukan molekul yake fitowa ba, daga wani sashe nasa ne inda ilektiron ke yawo a kan jerin ƙwayoyin zarra. A rinin azo, alal misali, gadar naitirojin biyu ce, N=N, ta haɗa zobba biyu. Da an karya wannan gada launi ya tafi, amma zobban suna nan a cikin ruwan, ba a ganinsu, kuma wani lokaci sun fi rinin da suka fito daga gare shi guba. Launi yakan ɓace tun da wuri, rusa gutsattsarin kuwa yakan ɗauki lokacin da ya ninka wancan. Shi ya sa mai binciken ƙwarai ba ya tsayawa ga ido, sai ya auna jimlar kabon da ya rage a ruwan.

Yanzu mu koma karofi. Ƙyallen nan da ya fito tsanwa-tsanwa, shunin da ke jikinsa bai lalace ba. A cikin marina ya karɓi ilektiron ne ya koma wata siffa mai narkewa a ruwa wadda ba shuɗiya ba, da ya sha iska oksijin ta karɓe su, shuɗi ya dawo. Rinin metilin bulu, wanda Heinrich Caro ya haɗa a 1876 kuma ake yawan gwada TiO₂ da shi, yana da irin wannan hali. Idan oksijin ta yi ƙaranci a ruwan, ilektiron na hawan sama sukan faɗa wa rinin, ya zama marar launi alhali yana nan lafiya lau. A girgiza kwalbar iska ta shiga, sai shuɗi ya dawo. Marinin Kano ya san wannan a aikace tun kafin a ƙirƙiro kalmar ilektiron.

Akwai kuma rinin da ke manne wa hodar kawai. Ruwa ya yi haske, hoda ta yi shuɗi, ba abin da ya rushe. Wannan mannewa ta danganta da tsamin ruwa: ƙasa da pH 6 ko kusa da haka fatar hodar tana ɗaukar caji na ƙari, sama da haka na ragi, metilin bulu kuwa mai caji na ƙari ne, don haka ya fi manne mata a ruwa mai kanwa-kanwa.

Me Ya Hana Ta Yaɗuwa?

Shekara hamsin da ɗoriya bayan aikin Fujishima da Honda, inda TiO₂ ta fi samun kasuwa shi ne gilashi da tayil masu wanke kansu, kamar gilashin taga da kamfanin Pilkington ya fitar a 2001. Wajen tsabtace ruwan masaƙu kuwa har yanzu yawancin aikin a matakin gwaji yake, irin wanda cibiyar binciken hasken rana ta Almería a kudancin Sifen ta soma tun shekarun 1990. Babban dalili shi ne lissafin da muka yi a baya: ultrabayolet bai wuce kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin hasken rana da ke iso ƙasa ba, sauran duk wucewa yake. A 2001 Asahi da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa cusa ɗan naitirojin a cikin hodar yana sa ta sha wani sashe na hasken da ido ke gani, kuma ana ci gaba da bin wannan hanya.

Sa'an nan ruwan masana'anta ba kamar na ɗakin gwaji ba ne. Yana da duhu, haske ba ya ratsa shi, yana kuma cike da gishiri da kabonet waɗanda ke cinye •OH kafin ya kai ga rini. Hodar ma laushinta yana hana ta kwanciya da wuri idan an gama. In kuma an liƙa ta a jikin gilashi don a huta da tacewa, fatar da ke aiki ta ragu. Ƙarfe kamar kuromiyam na majemu kuwa ba a rusa shi, iyaka a sauya masa siffa. Inda hanyar ta fi dacewa shi ne mataki na ƙarshe, bayan alam ya kwashe mafi yawan dattin.

Gwaji A Makaranta

Yawancin ɗakunan gwajin bayoloji suna da metilin bulu, shi ake ɗiga wa ƙwayoyin halittar cikin kunci kafin a duba su a madubin ƙara girma. A narkar da giram 1 a lita 1 na ruwa mai tsabta, a ɗebi mililita 10 daga ciki a cika shi zuwa lita 1. An sami miligiram 10 a kowace lita. Daga wannan a tsarma kaɗan-kaɗan a shirya kwalaben gwaji masu miligiram 8, 6, 4, 2 da 1, a ɓoye su a duhu. Su ne ma'aunin da za a riƙa kwatanta launi da shi, tun da ba kowace makaranta ke da na'urar auna launi ba.

A sami faranti uku masu faɗi, a zuba wa kowanne mililita 200. Na farko ba a sa masa komai. Na biyu da na uku a zuba wa kowanne giram 0.2 na hodar, a motsa su a cikin duhu na minti 30 don abin da zai manne ya gama mannewa. Daga nan a fitar da na farko da na uku rana, a buɗe, tsakanin ƙarfe 11 na safe da 2 na rana, na biyu kuma a kife masa kwali. A riƙa motsawa, a riƙa mayar da ruwan da rana ta ƙafar, kowane minti 30 kuma a ɗebi kaɗan a ajiye a duhu har hodar ta kwanta. Faranti na farko zai nuna abin da rana kaɗai ke yi, na biyu abin da hoda kaɗai ke yi. Aikin katalis shi ne abin da na uku ya fi su da shi, ba dukan koɗewar da aka gani ba. A kula kada a shaƙi ƙurar hodar, kuma ko ruwan ya yi garau ba na sha ba ne.

Ga tarkon da malami zai iya faɗawa. Idan ya sayo hodar daga masu haɗa fenti, mai yiwuwa gwajin ya ƙi. Ita rutil ce da aka lulluɓe ƙwayoyinta da alumina da silika, da gangan, don a hana ta cin fenti kamar yadda muka faɗa a baya. Sai a nemi anates daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Ranar da hazon hunturu ya rufe sama ma aikin zai yi nawa.

A ruwa mai ɗan rini kaɗan irin wannan, launin yakan ragu da rabi a cikin lokaci iri ɗaya, sau bayan sau. Ɗalibi ya gwada wannan lissafi: in miligiram 10 ya koma 5 a minti 30, nawa zai rage bayan awa 2? Sa'an nan ya ɗauki kwalbar da ta fi haske cikin waɗanda ya ɗiba daga faranti na uku, ya girgiza ta sosai iska ta shiga, ya ɗaga ta gaban farar takarda, ya rubuta a littafinsa ko shuɗin ya dawo ko bai dawo ba.